Ƙara wa fayil nauyi ba ya dawo da muryar da ta ɓata

Ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Bara na kwashi kaset-kaset na mahaifina na kai wa wani mai turin waƙoƙi ya juye min a memori. Akwai na Shata, akwai na Ɗanƙwairo, akwai kuma ɗaya da aka naɗi muryar kakata tana waƙa a bikin gwaggona. Ya juye su a MP3 mai 64 kbps. Ni kuwa da na ga komai ya shiga waya, sai na watsar da kaset ɗin a ɗakin ajiya, damina ta gama da su. Daga baya na sa abin kunne, na ji muryar kaka kamar daga cikin ruwa take fitowa. Na koma wurinsa. Ya ce, "Yallaɓai, ai mai sauƙi ne, zan ɗaga maka shi zuwa 96." Fayil ya dawo da nauyi ninki saba'in, murya tana nan yadda take.

To me ya faru? Kwamfuta ba sauti take ajiyewa ba, lambobi ne. Tana auna sautin sau dubbai a kowace daƙiƙa, ta rubuta. A faifan CD sau 44,100 ne, kowane awo da bit 16. Ba da ka aka zaɓi adadin ba: kunnen ɗan'adam, in ya yi ƙoƙari, yana kaiwa kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, ƙa'ida kuma ita ce awo ya ɗara ninki biyu na hakan. Idan aka ce an ɗaga fayil zuwa 96,000, kwamfuta lissafi kawai take yi ta cike tsakanin lambobin da ke akwai. Ƙara ruwa ne a kunu. Kwano ya cika, gero bai ƙaru ba.

Shi kuwa MP3, dalilin ƙanƙantarsa shi ne yana zubar da sassan sautin da ya ɗauka kunne ba zai lura ba, kuma abin da ya zubar ya zube ke nan. Ka mai da shi WAV ko FLAC, ka dai sa ƙaramin kaya a babban buhu. Ka sake mai da shi wani MP3 ɗin, ya sake zubar da wani abu. Shi ya sa waƙar da ta bi hannu biyar ana juya ta take fitowa a shaƙe.

Kar wani ya ce na ce manyan lambobi banza ne. Wajen naɗa, bit 24 na da amfani sosai, don yana ba ka sarari ka rage ƙara ba tare da sauti ya lalace ba. Amma wajen naɗa na ce, ba bayan an riga an matse ba.

Idan kana da kaset a gida, ko kina da shi, a naɗe shi da Audacity, kyauta ce manhajar, a 44,100 ko 48,000, a ajiye a FLAC. FLAC na rage nauyi zuwa kusan rabi, bai zubar da ko ɗigo. Wannan shi ne uwa, ba a taɓa shi. Daga jikinsa ake cire MP3 na waya. Nauyi kuma bai kai abin tsoro ba: minti ɗaya na WAV irin na CD kusan MB 10 ne, ma'ajiya mai TB 1 za ta ɗauki sama da awa 1,500.

Sai dai memori ba wurin ajiya ba ne, wallahi. Yana mutuwa ba sallama, ga jabu a kasuwa, an rubuta 64 GB alhali cikinsa bai kai ba. A yi kwafi biyu a gida, ɗaya kuma a wani wurin, ko gidan ɗan'uwa ko a intanet. In za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin fayil, ba a kunna a naɗa da wata wayar ba.

Ni dai MP3 ɗin kaka na farko shi ya rage min. Na goge ƙaton, na ajiye ƙaramin a wuri uku. Yanzu ina bin dangi ɗaya bayan ɗaya, ko wani ya taɓa juyar kaset ɗin.