Birkin da ke cikin kanka

Kana zaune a majalisa, ga hon ɗin 'yan adaidaita, ga ƙarar janareto, amma maganar abokinka na shiga kunnenka sarai. Wani ɓangare na wannan aiki, masu hanawa ne suke yin sa.

Ƙwaƙwalwarka na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai 'yar siririyar rata, ta nan ake miƙa saƙo da sinadari. Yawancinsu zuga maƙwabciyarsu suke yi ta tashi ta aika. Amma a saman ƙwaƙwalwa, kusan ɗaya cikin biyar aikinsu cewa "dakata". Sinadarinsu shi ne GABA, wanda aka gano a ƙwaƙwalwa a 1950. Yana buɗe wasu ƙofofi a jikin ƙwayar, kulorayid ya kwarara ciki, sai ta yi sanyi ta kasa harba saƙo. Da haka ake toshe surutun banza, a bar mai amfani ya wuce.

In birkin ya tsinke fa? Ƙwayoyi su ɗauka gaba ɗaya, ba mai tsawatarwa. Farfaɗiya ke nan, wadda har yau a unguwanninmu ake ɗora wa aljanu. Shi ya sa a asibiti ake yi wa mai jijjiga allurar diyazefam, don ta ƙara wa GABA ƙarfi.

Ita ɗin ce kuma wasu samari ke afawa don caji. Ka haɗa ta da kodin ko barasa, birkin sai ya kai har wurin da ke kula da numfashi, mutum ya kwanta barci bai tashi ba.