Yawon salla da ƙananan yara: kada a manta da barcin rana

A filinmu na kiwon lafiya, yau za mu yi magana a kan wani abu da ake rainawa, wato barcin rana na ƙananan yara a ranar da aka fita da su yawon kallo.

Idan salla ta zo, iyaye da yawa sukan ɗauki ƴaƴansu su tafi buɗe ido. A Yamai, ana zuwa Gidan Tarihi na Ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda jama'a suka fi sani da Mize. An buɗe shi a 1959. A cikinsa akwai zaki, da kura, da dorina, da kada. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a hamada. Akwai kuma iccen nan na Tenere, wanda wata mota ta kayar a 1973. A Damagaram, ana zuwa ƙofar fada kallon hawan salla. A manyan garuruwa kuma akwai wuraren wasan yara masu lilo, inda ake biyan kuɗi a shiga.

Wannan fita abu ne mai kyau. Yaro yana ganin abin da bai taɓa gani ba, yana ƙaruwa da sani. Amma mun sha ganin yadda ranar take ƙarewa. Da hantsi yaro yana tsalle, yana nuna biri da yatsa. Rana ta take tsaka, sai ya fara murza ido. Kafin azahar ya soma kuka. A ba shi alewa, ya jefar. A ɗauke shi, ya zille. A ajiye shi, ya yi birgima cikin sabbin kayansa. Uwa ta hasala ta make shi, uba ya ce ba zai sake fita da shi ba. Alhali yaron nan ba rashin kunya yake yi ba. Barci ne yake ji, kuma ba ya da bakin faɗa.

Barci nawa yaro yake bukata?

Babban mutum yakan wadatu da barcin awa 7 ko 8. Yaro ƙarami ya fi haka bukata nesa. A 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar barcin yara cikin yini da dare guda, kamar haka:

Jariri daga haihuwa zuwa wata 3: awa 14 zuwa 17.
Daga wata 4 zuwa wata 11: awa 12 zuwa 16.
Mai shekara 1 zuwa 2: awa 11 zuwa 14.
Mai shekara 3 zuwa 4: awa 10 zuwa 13.

Wannan lissafi ya haɗa barcin dare da na rana. Barcin dare shi kaɗai ba ya cika wa ƙaramin yaro wannan mudu. Sai an ƙara da na rana. Jaririn da bai kai shekara ba yakan yi barci sau biyu ko fiye kafin rana ta faɗi. Daga wajen shekara ɗaya da rabi, yawancin yara sukan koma sau ɗaya, da tsakar rana, na awa 1 zuwa 2. Tsakanin shekara 3 da 5 ne suke barin barcin rana sannu a hankali.

Cikin barci mai nauyi ne jikin yaro ya fi fitar da sinadarin da yake sa shi girma. Cikin barci ne kuma ƙwaƙwalwarsa take adana abin da ya gani da abin da ya koya. Ashe ke nan barci ba ya rage wa yaro ribar kallo. Shi ne ma yake taimaka masa ya riƙe abin da idonsa ya gane masa.

Me ya sa ake hana yaro barci a ranar yawo?

Ba mugunta ba ce. Magidanci ya biya kuɗin mota, ya biya kuɗin shiga, wataƙila ma daga ƙauye aka taso. Sai ya ce tun da an kashe kuɗi, dole a ga kome kafin a koma. Wani kuma yana cewa: "Bar shi ya gaji, da dare sai ya yi barci sosai."

Wannan tunani ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A Amurka akwai wani ƙaton wurin wasa da ake kira Disney World, a jihar Fulorida, wanda aka buɗe a 1971. Iyalai suna kashe kuɗi masu yawa su je can hutu. Duk da haka, iyaye da dama masu ƙananan yara sukan fita da tsakar rana, su koma masauki yara su yi barci, sa'annan su dawo da yamma. Sun gane cewa yaron da yake kuka ba ya ganin kome, ko da nawa aka biya.

Batun a bar yaro ya gaji kuwa, kuskure ne. Idan lokacin barcin yaro ya wuce, jikinsa yakan tashi tsaye kamar an zuga shi. Sai ya yi ta guje-guje da rigima. Da dare kuma barcin ya ƙi zuwa da sauƙi, ya riƙa farkawa yana kuka.

Rana da gajiya idan sun haɗu

A ƙasarmu akwai wani dalili da ya fi wannan ƙarfi, shi ne zafin rana. Cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce awo 40 a Yamai, da Maraɗi, da Tawa, da Damagaram. Salla kuwa tana zagayawa, kowace shekara tana matsowa da wajen kwana 11. A 2023 da 2024, ƙaramar salla ta faɗo cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara.

Jikin yaro ƙarami ne. Yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, ruwan jikinsa kuma yana ƙarewa da wuri. Sau da yawa wasa yakan ɗauke masa hankali, ba zai ce yana jin ƙishirwa ba. Ga kayan salla masu kauri, ga hula, ga sabon takalmi mai matse ƙafa. Daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 4 ne rana ta fi ƙuna, kuma daidai lokacin ne barcin yaro yake zuwa. Idan mun kwantar da shi a inuwa, mun biya masa bukata biyu a lokaci guda: ya samu barci, ya kuma tsira daga rana.

Mu manoma mun san wannan. Babu mai hankalin da zai bar shanun huɗa cikin karkiya da tsakar rana. Makiyayi yakan kai bisashensa gindin gawo su huta har rana ta karya. Abin da muke yi wa dabba, ɗanmu ya fi cancanta da shi. Malamanmu ma suna kwaɗaitar da mu ga ƙailula, wato ɗan kishingiɗar tsakar rana.

Akwai wani hatsari kuma. Yaron da ya gaji yakan yi baya, ya saki hannun uwarsa cikin taro. Ya fi saurin tuntuɓe, ya fi saurin faɗowa daga lilo. Kowa ya san yadda cigiyar yara take yawa a ranakun salla.

Yadda za mu tsara ranar

Dabarar ita ce mu raba yinin gida biyu, mu sa barci a tsakiya.

Mu fita da sassafe, tun da sauran sanyi. Idan ranar idi ce, safiya ta tafi ga salla da gaishe-gaishe, sai mu bar kallo zuwa yamma ko kashegari. Mu fara da abin da yara suka fi so su gani. Idan zaki suka zo gani, a kai su wurin zaki tun farko.

Kafin rana ta take tsaka, mu tsaya. Kada mu jira sai kuka ya fara. Alamun barci a bayyane suke: hamma, murza ido, jan kunne, tsotson yatsa, neman goyo, ko yaro mai surutu ya yi shiru. Da mun ga haka, lokaci ya yi.

Idan gida ko masauki yana kusa, komawa ya fi. Idan da nisa, mu nemi gidan dangi ko na wani sananne. Tun kafin a taso ya kamata a shirya wannan. Idan babu, inuwar dogon yaro ko rumfa mai iska ta isa. Mu ja gefe, nesa da kiɗa da hayaniya. Saboda haka, kada a fita ba tare da ƴar tabarma, da zane, da mafici, da goran ruwa mai tsabta ba.

Kafin yaro ya kwanta, a cire masa hula da takalmi da riga mai nauyi. A wanke masa hannu da sabulu, a ba shi abinci mai sauƙi irin wanda ya saba ci, a ba shi ruwa. A shafa masa ruwa a fuska da wuya. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, ko da ana zafi. Sai dai a yawaita ba shi, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Idan za a shimfiɗa jariri, a kwantar da shi rigingine, kada a kifa shi.

Idan a goye yaro ya yi barci, uwa ta zauna a inuwa. Kada ta lulluɓe masa kai da mayafi mai kauri, domin zafi yana taruwa a ciki, numfashi kuma ya yi masa wuya.

Yaron da ya kai shekara 4 ko 5 wataƙila ya ƙi barci. Ba sai an tilasta masa ba. Ya zauna a tabarma ya huta, a yi masa tatsuniya ko hira a hankali. Hutun ma magani ne.

Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, sai a koma kallo. Kada a bar barcin ya zarce har kusan magariba, don kada ya ɓata na dare.

Abubuwan da za mu kiyaye

Kada mu bar yaro yana barci cikin mota a rufe, ko na minti kaɗan. Cikin mota yana zafi da sauri kamar tanda, kuma yaro yana iya mutuwa a ciki.

Kada mu ba yaro wani magani don ya yi barci, balle irin na masu talla a kan hanya. Kada kuma mu ba shi shayi mai ƙarfi, ko kofi, ko baƙin lemun kwalba, domin suna kore barci.

Kada mu ɗora wa yarinya ƴar shekara 9 ko 10 goyon ƙanenta, ta yini da shi tana yawon salla. Ita ma yarinya ce, kallo ne a gabanta. Ba za ta lura da alamun da babba zai lura da su ba.

Ba kowane barci ne na lafiya ba

Wannan shi ne abin da muka fi so kowa ya riƙe. Yaron da gajiya ta sa barci, numfashinsa daidai yake. Idan an taɓa shi yana motsi. Idan ya tashi yana gane mutane, ya karɓi ruwa ko nono, ya koma wasa.

Amma akwai barcin da alamar ciwo ne. A gaggauta kai yaro likita idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: an tashe shi ya ƙi tashi, ko ya tashi jiki a sake, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya kasa sha ko ya kasa kama nono, yana amayar da duk abin da aka ba shi, yana jijjiga ko sanƙarewa, idanunsa sun faɗa, ko maɗigar jariri ta lotsa, wuyansa ya ƙage. Waɗannan alamu suna iya zama na bugun rana, ko ƙarewar ruwan jiki, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sanƙarau, wanda ya fi yawa a lokacin rani.

Kafin a isa likita, a sa shi a inuwa, a rage masa tufafi, a jiƙa masa jiki da ruwa mai ɗan sanyi, a yi masa fifita. Idan yana iya haɗiya, a ba shi nono ko ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa kome a baki. Kada a ce bari a gama kallo, kada a ce sai gobe.

Iyaye maza, wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Maigida ne yakan yanke lokacin tafiya da na dawowa. Idan uwar yara ta ce yaro ya gaji, a saurare ta. Abin da ba a gani ba bana, ana iya ganinsa baɗi. Wanda ya karanta wannan shafi, ya karanta wa maƙwabcinsa kafin salla mai zuwa.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.