Yadda sanin harshen Latin ke taimakawa wajen gane kalmomin Turanci

Duk wanda ya zauna a Birtaniya ko Amurka ya san cewa Turancin kasuwa daban yake da wanda ke zuwa a takardar asibiti ko ta ofishin shige da fice. Maƙwabci zai ce "kidney", likita kuma ya rubuta "renal", alhali kuwa ƙoda dukansu suke nufi.

Galibin irin waɗannan kalmomi masu nauyi sun samo asali ne daga Latin, harshen tsohuwar daular Rum. Wanda ya san tushensu yakan iya gano ma'anarsu ko da babu ƙamus a kusa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Almajirin da ya sha Larabci ya san cewa hukunci da hukuma da hakimi da hikima duk daga tushe ɗaya suka tsiro.

Yaya aka yi Latin ya shiga Turanci?

Asalin Turanci ɗan'uwan Jamusanci ne. Latin ya ƙara samun gindin zama a Ingila bayan isar masu wa'azin Kiristanci daga Rum a shekarar 597. Sai kuma a 1066, lokacin da William na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci, wanda shi ma daga Latin ya fito, ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka.

Wani nazari da aka wallafa a 1973 kan kalmomi kusan 80,000 na ƙamus ɗin Shorter Oxford ya nuna cewa kimanin kashi 28 cikin 100 sun zo ne kai tsaye daga Latin, wasu kashi 28 kuma ta hanyar Faransanci. Saboda haka ɗaliban Nijar da Chadi da Kamaru da suka yi karatu da Faransanci sun riga sun ci rabin tafiyar.

Yadda ake warware kalma

Doguwar kalma takan ƙunshi tushe da ɗafa-goshi, wani lokaci har da ɗafa-ƙeya. A ɗauki "port", daga "portare", wato ɗauka. Idan aka ɗora masa "ex", ma'ana waje, sai a samu "export", fitar da kaya. Da "im", ma'ana ciki, ya zama "import", shigo da kaya. "Trans" na nufin ƙetarewa, shi ya haifar da "transport", sufuri. Shi kuwa "deport", wanda baƙin haure ke fargaba, ɗauke mutum ne a fitar da shi daga ƙasa.

Haka "scribere", wato rubuta. Daga nan "prescription" ta fito, abin da likita ya rubuta kafin a ba da magani, da "manuscript", rubutun hannu, domin "manus" hannu ne. Ita ma biza daga "videre" take, wato gani: takarda ce da jami'i ya gani ya amince da ita.

Ma'ana ɗaya, daraja daban

Wannan tarihi ne ya cika Turanci da kalmomi masu kama da juna a ma'ana. Tambaya na iya zama "ask", ta asalin Turanci, ko "question" da ta biyo ta Faransanci, ko "interrogate" ta Latin. Ta farko ta hira ce, ta ƙarshe kuwa takan tuna wa mai sauraro ɗakin binciken 'yan sanda.

Yawanci gajeriyar kalmar ta zance ce, doguwar kuma ta ofis da kotu da jami'a. Mai rubuta takardar neman aiki ko mai shirin jarrabawar IELTS yana buƙatar sanin wurin da kowace ta dace.

Inda ake zamewa

Tushe ishara yake yi, ba ya yanke hukunci. "In" wani lokaci korewa yake yi, kamar a "invisible", abin da ba a gani. Amma "inflammable" da ake rubutawa a jikin tankar mai tana nufin abu mai saurin kama wuta, kuma kuskuren fahimtarta na iya jawo asarar rai.

Ma'ana kuma takan sauya da zamani. "Doctor", wadda Hausa ta mayar likita, daga "docere" take, wato koyarwa. "Hospital", asalin kalmar asibiti, ta fito daga "hospes", baƙo ko mai masauki. Ba kuma kowace doguwar kalma ce ta Latin ba: "cardiac", mai alaƙa da zuciya, ta Girkanci ce.

Don haka a fara da tushe, a auna shi da jimlar da kalmar ta zo a ciki. Idan kuma takardar ta shafi lafiya ko shari'a ko izinin zama, a tabbatar a ƙamus ko a tambayi masani kafin a sa hannu.