Abin Da Ke Sa Magana Ta Zauna A Zukatan Jama'a

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin gwamnati ba zai rasa ganin 'yar takarda manne a bango ba, ko a ƙarƙashin gilashin tebur, ɗauke da kalaman wani babban mutum. 'Yan makaranta ma haka suke cika bangon littattafansu. To amma me ya sa, cikin dubban jawaban da shugabanni suka yi, kalmomi 'yan kaɗan ne suka zauna a bakin jama'a?

Ga alama sirrin ba a daɗin lafazi yake ba. Yana ga lokacin da aka yi maganar, da kuma abin da mai ita ya sa a kasada.

Ran 15 ga Janairu 1970 ne Manjo Janar Philip Effiong ya miƙa wuya a Ikko, yaƙin basasa na wata 30 ya ƙare. Mutane da yawa, a gida da waje, sun zaci ramuwar gayya za ta biyo baya. Sai Janar Yakubu Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu kuma wanda aka ci da yaƙi. Da malamin makaranta ne ya faɗi haka a aji, da tuni an manta. Amma maganar ta fito ne daga bakin wanda wuƙa da nama ke hannunsa. Duk da haka ba kowa ta yi wa daɗi ba. Mutumin da ya kai kuɗin Biyafara banki aka ba shi fam 20 kome yawansu, ko wanda ya koma Fatakwal ya tarar an sa gidansa cikin dukiyar da aka ce an yi watsi da ita, da wuya ya manna ta a bangonsa.

Haka kuma maganar Janar Murtala Muhammed. A Janairu 1976 shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka suka yi taron gaggawa a Addis Ababa kan rikicin Angola. Kafin taron, Shugaba Gerald Ford na Amurka ya aike musu da wasiƙa yana nuna musu inda ya kamata su karkata. Nijeriya kuwa ta riga ta amince da gwamnatin MPLA. Murtala ya miƙe a zauren ya ce Afirka ta kawo ƙarfi, ba ta ƙarƙashin ikon wata ƙasa ta waje. Taron ya watse ba a daidaita ba. Ba a yi mako biyar ba aka kashe shi a Ikko, ran 13 ga Fabrairu. Mutuwar ce ta ƙara wa kalaman nauyi, har suka zama tamkar wasiyya.

Sai dai tsofaffin ma'aikata suna da wata kalmar Murtala da ba su manta ba, ko da yake ba wanda ya taɓa rataye ta a ofis. Ita ce "nan take". Da ita aka riƙa rufe sanarwar sallama a 1975, lokacin da aka kori ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, masu laifi da waɗanda tsautsayi ya rutsa da su. A watannin nan, jin ta a rediyo kaɗai ya isa ya hana magidanci cin tuwon dare.