Ɗaukar hoto a titi da ƙaramar kyamara: Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sauka Dambam

Mai bin hanyar Kano zuwa Maiduguri yakan ratsa Dambam bayan ya baro Azare, kafin ya isa Potiskum, kuma galibi ta tagar mota yake ganin garin. Alhali hedikwatar ƙaramar hukuma ce da ƙidayar 2006 ta ce tana da mutum sama da 150,000. Hotunan da aka fi gani daga irin waɗannan garuruwa na taron siyasa ne da na biki. Mai shayi da asuba, ɗan acaɓa a bakin tasha, dillali a kara, ba kasafai ake ajiye su ba. Matafiyin da ke son gwada wannan aiki da kyamarar da ke shiga aljihu, ga abin da zai tarar.

Daga ina abin ya samo asali?

Hoton titi shi ne ɗaukar mutane suna cikin harkarsu, ba tare da an jera su an ce su gyara hula ba. Ya bunƙasa ne bayan 1925, lokacin da kamfanin Leitz na Jamus ya fito da Leica. Bafaranshen nan Henri Cartier-Bresson da ita ya yi suna, har yakan rufe wuraren da ke ƙyalli a jikinta da baƙi don kada a lura da shi. A yankinmu, Malick Sidibé ya bi matasan Bamako da kyamararsa a shekarun 1960, Philippe Koudjina kuma ya yi haka a Yamai. Nan kusa, Fati Abubakar ta fara shirinta na Bits of Borno a 2015, tana nuna ’yan makaranta da ’yan kasuwar Maiduguri a lokacin da duniya ba ta jin komai daga garin sai labarin bam.

Me ƙaramar kyamara ta fi da shi?

Babbar kyamara mai dogon baki tana tara jama'a. Kafin ka saita ta yara sun zagaye ka, wani ya tambaya ko daga gidan talabijin kake, wani ya ɗauka ƙungiyar agaji ce ta aiko ka rubuta sunaye. Wayar hannu kuma tata matsalar daban: yau kowa na tsoron ya wayi gari ya ga kansa a TikTok ana yi masa dariya. Ƙaramar kyamara tana tsakani. An san mai hoto ne kai, amma ba ka tsorata kowa ba.

Ricoh GR III da ta fito a 2019 ba ta kai giram 300 ba, sai dai tana da tsada, Fujifilm X100VI ma tsada gare ta. Mai koyo ba ya buƙatarsu. Tsohuwar Canon PowerShot ko Sony RX100 ta hannu ta wadatar.

Ɓoyewa ba ta aiki a nan

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Darussan da ke yawo a intanet an gina su ne a kan manyan birane irin Landan da Tokiyo, inda dubban mutane ke wuce juna ba gaisuwa, mai hoto ya ɗauka ya ɓace cikin cunkoso. A Dambam ba inda za ka ɓace. Tun saukarka mota an san baƙo ya zo. In aka gan ka kana ɗaukar hoto a sace, kyamara a gefen cinya, zargi za ka jawo wa kanka, kuma mutanen da ke maƙwabtaka da Yobe, waɗanda suka ga shekarun tashin hankali, suna da hujjar yin taka-tsantsan.

Hanyar da ke ɓullewa ita ce sallama. Ka zauna a bencin mai shayi, kyamarar a fili kan tebur, ka sayi kofi ɗaya, a gaisa, a tambayi gajiya da mutanen gida. Sannan ka ce, "Malam, in ba damuwa ina so in ɗauki hotonka kana aiki." Da farko zai ƙame, ya gyara wuyan riga, ya zuba wa kyamara ido. Ka ɗauki wannan, ka nuna masa. Hoton da ka zo nema yana gaba, lokacin da mai saye ya iso, ya manta da kai, ya ɗaga kofi sama yana shiƙa shayi, tururi na tashi ta cikin hasken hantsi. Izini ba ya kashe hoton titi. Gaggawa ce ke kashe shi.

A kasuwa ka fara da Sarkin Kasuwa, a tasha da shugabannin ’yan kamasho, a cikin unguwa da Mai Unguwa. In tafiyarka ta kai Azare, kada ka ɗaga kyamara a ƙofar fadar Sarkin Katagum sai ka yi magana da dogarai. Haka in ka nufi Jalam don bikin Karai-Karai na shekara-shekara, dattawan wurin za su gaya maka abin da ake ɗauka da wanda ba a ɗauka.

Mata, yara da wanda ya ce a'a

Matar aure ba a ɗaukarta don kawai ta fito titi. Mai tallar fura da nono ma sai ka ce, "Inna, kin yarda?" In ta kau da kai ko ta ja mayafi, ta ba ka amsa. Akwai kuma masu ƙin hoto saboda fahimtarsu ta addini, ba wurin jayayya ba ne. Yara su ne mafi sauƙin ɗauka, shi ya sa ya kamata a fi kiyaye su. Ina takaicin yadda baƙi ke cika katin kyamara da almajirai riƙe da roba, kamar ba abin da ke Arewa sai bara. Yaron nan yana da allo, yana da malami, yana da iyaye. Ka nemi izinin malaminsa, ka ɗauke shi yana wanke allo.

Ta fuskar doka, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ƙara nauyi a kan mai yaɗa abin da ya shafi wani. Shingen jami'an tsaro, bariki da ofishin ’yan sanda, ka mayar da kyamara aljihu tun daga nesa.

Rana, ƙura da batir

Idon irin su GR III da X100VI mai faɗi ne, milimita 28 ko 35, don haka sai ka matsa kamar taku uku daga mutum. Ka sa buɗewar ido a f/8, saurin ɗauka a 1/250, ka bar ISO ta zaɓa da kanta, ka kashe filasha da ƙarar maɓalli. Hantsi da bayan la'asar su ne lokutan haske mai kyau. Da rana tsaka farar shadda takan ƙone a hoto, fuska kuma ta yi duhu ƙarƙashin hula, sai ka rage haske kaɗan ko ka koma inuwar rumfa.

Hunturu yana ba da hazo mai kyau a hoto, amma ƙurarsa na shiga ta inda idon kyamara ke fita da komawa, kuma fitar da ita sai mai gyara. Ka ajiye ta a jaka mai zif, kada ka goge gilashin da bakin riga. Batirin GR III hoto kusan 200 yake yi, ga wuta ba tabbas, saboda haka ka riƙe na biyu.

Bayan ka koma gida

Kafin ka sa hoton mutum a Facebook ko Instagram, ka tabbata ka gaya masa haka za ka yi. Wanda ka yi wa alkawarin hoto kuma ka cika. Ka kai wa mai wanke hoto a Azare, ka ba direban da ke bin hanyar ya miƙa, ko ka tura ta WhatsApp. A bayan kowane hoto ka rubuta sunan wurin da ranar da aka ɗauka, domin jikokin mai shayin nan za su nema.