Takardar lanho a Faransa: abin da ya kamata baƙo mai iyali ya sani

A ƙasar Nijar an saba biyan haraji ta hanya biyu. Mutumin karkara yana kai nasa wurin mai gari, ma'aikaci kuma ana cire nasa daga albashi tun kafin ya shiga hannunsa. Ɗan Nijar da ya tafi Faransa karatu ko neman abinci yakan tarar da wata al'ada dabam. A can, kowace shekara, magidanci da kansa zai rubuta wa hukuma abin da ya samu a shekarar da ta gabata, ko da abin bai taka kara ya karya ba. Baƙi da yawa suna gudun wannan takarda don suna zaton tarko ce, alhali kuwa mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa hasara idan ya ƙi cika ta.

Wanda abin ya shafa

Dokar Faransa ba ta tambayar inda aka haifi mutum. Duk wanda gidansa da iyalinsa suke a ƙasar, ko can ya fi zama cikin shekara, ko can babbar sana'arsa take, to ya shiga lissafi. Har wanda bai riga ya samu takardar izinin zama ba yana iya cikawa, kuma ofishin lanho yana karɓa. Tun watan Janairu na 2019 ake cire harajin daga albashi wata-wata, amma wannan bai kawar da takardar shekara ba, domin da ita ake gyara lissafi: wanda aka cire wa fiye da kima a mayar masa, wanda ya rage a neme shi da ciko.

Ana buɗe aikin cikin watan Afrilu, a rufe tsakanin ƙarshen Mayu da farkon Yuni, gwargwadon lambar jihar da mutum yake zaune. Yawancin jama'a ta intanet suke yi. Sabon zuwa kuwa, wanda ba shi da lambar haraji mai alƙaluma 13, yakan fara da takarda mai lamba 2042, ya haɗa da shaidar ko shi wane ne da shaidar masaukinsa. Wanda ya makara, idan akwai abin biya a kansa, ana ƙara masa kashi 10 cikin ɗari.

Yadda ake ƙidayar iyali

A nan ne mai iyali ya kamata ya buɗe ido. Tun 1945 Faransa take ɗora haraji a kan gida, ba a kan mutum ɗaya ba. Ana tara abin da gidan ya samu, a raba shi rabo-rabo. Gwauro yana da rabo 1, miji da mata rabo 2. Ɗan fari da na biyu rabin rabo kowanensu, daga na uku zuwa sama kuma cikakken rabo. Watau miji da mata da ƴaƴa uku suna da rabo 4.

Ga misali. A ce wannan gida ya samu yuro 40,000 bayan an zare kashi 10 cikin ɗari da doka ta yafe wa mai albashi saboda ɗawainiyar aiki. Idan aka raba gida huɗu, kowane rabo ya tashi yuro 10,000. A lissafin kuɗin shekarar 2024, rabon da bai wuce yuro 11,497 ba babu haraji a kansa. Sai abin da ya haura ake cire wa kashi 11, sa'an nan 30, 41, har 45 ga manyan masu samu. Ke nan wannan magidanci ba zai biya ko tamma ba.

Amma fa auren da hukuma ta sani shi kaɗai ake lissafawa. Waɗanda aka ɗaura wa aure a masallaci a Faransa, ba su je gaban magajin gari ba, kowanensu takardarsa dabam.

Kuɗin da ake aikowa gida

Kusan duk ɗan ci-rani yana da wanda yake ciyarwa a Maraɗi, ko Tawa, ko Damagaram. Doka ta yarda a zare abin da mutum ya aika wa uwa, uba ko kakanni mabukata daga kuɗin da ake ɗora wa haraji, ko da suna zaune wajen Faransa. Sharaɗin shi ne shaida: takardun aike masu ɗauke da sunan mai karɓa, da abin da ke nuna bukatarsa. Kuɗin da aka danƙa wa matafiyi hannu da hannu ba su da shaida. Abin da aka aika wa wa, ko ƙane, ko kawu kuma ba ya cikin wannan rangwame, komai nauyin zumunci.

Haka nan abin da mutum yake samu a Nijar, kamar kuɗin hayar gida, yana da takardarsa mai lamba 2047. Ajiyar banki da ke wajen Faransa ana bayyana ta a takarda mai lamba 3916, kuma tarar ɓoye ta aƙalla yuro 1,500 ce a kan kowace ajiya, watau kusan sefa miliyan ɗaya. Yarjejeniyar 1965 tsakanin Nijar da Faransa ta kasance tana hana a biya haraji sau biyu a kan samu ɗaya, amma a watan Disamba na 2023 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar fita daga cikinta. Saboda haka mai dukiya a ƙasashen biyu ya nemi shawarar masani kafin ya sa hannu.

Amfanin takardar

Wajen ƙarshen Yuli ko cikin Agusta hukuma takan aiko da sakamako, mai nuna abin da gida ya samu da abin da aka ɗora masa, ko da sifiri ne. Da wannan lissafi asusun tallafin iyali, wanda ake kira CAF, yake auna taimakon haya da na yara. Ana neman sakamakon wurin roƙon gidan gwamnati mai rahusa, da tallafin karatun ɗalibi, da neman zama ɗan ƙasa. Ga wanda ke fafutukar samun izinin zama, takardun shekara da shekaru suna cikin shaidun da ke nuna daɗewarsa a ƙasar. Wanda bai cika ba, ranar bukata zai je hannu rabbana.

Wanda karatunsa bai yi nisa ba kada kunya ta hana shi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Ofisoshin lanho da cibiyoyin France Services suna taimakawa kyauta, kuma kuskuren da aka yi ta intanet ana iya gyara shi bayan fitowar sakamako. Abin da ya rage ga magidanci shi ne ya adana takardun albashi da na aike wuri ɗaya, aƙalla shekara 3. Iyayen da ke gida su ma suna da nasu aikin: su riƙe shaidar kowane aike da ya iso, don wata rana ɗansu zai neme ta.