Yadda ake zaɓen buji na injin ban ruwa da na moto

Ƴan'uwa manoma, lokacin aikin garka ya kama. Daga Galmi da Madawa, ƙasar albasa, har zuwa Gulbin Maraɗi da fadamun Korama na jihar Damagaram, tun asuba ƙarar injin ban ruwa ake ji. Duk wanda ya taɓa dasa albasa ya san abin da kwana uku babu ruwa ke yi wa fangali. Sau da yawa kuwa abin da ke tsayar da inji ba babban abu ba ne. Buji ne, ɗan ƙarfen nan da bai wuce tsawon yatsa ba.

Cikin inji, isansi yana gauraya da iska, fistan ya matse su. Buji shi ke ƙyasta musu wuta, su kama, ƙarfinsu ya tura fistan. Yana yin haka fiye da sau 1000 cikin minti ɗaya. Injin gazuwal ba ya aiki da irin wannan buji. Maganarmu ta shafi inji mai shan isansi ne, da moton da ke kai kayan garka kasuwa.

Ga ido, buji duk kamarsu ɗaya. Shi ya sa mutum kan je kasuwa ya ce: «A ba ni buji», a miƙo masa wanda ke kusa. To, kowane buji yana da sunansa, an rubuta shi bisa farin tangaran ɗin da ke jikinsa ko bisa ƙarfen. Wanda ya san baƙaƙe da lambobi yana iya karanta shi da kansa, ba sai an gaya masa ba.

Mu ɗauki injin Honda GX160, wanda ake gani cikin garake da yawa. Takardar kamfanin ta ce a sa masa bujin NGK mai suna BPR6ES. Harafin B yana nufin kaurin gindin buji, wato wurin haƙoran da ake murɗawa: milimita 14. Harafin E yana nufin tsawon wannan gindi: milimita 19. Injinan ƙasar Sin masu kama da Honda sukan zo da F6TC ko F7TC. Baƙaƙen sun bambanta, amma kauri da tsawo ɗaya ne. Na moto sun fi siranta. Ƙananan moto masu lamba 110 yawanci C7HSA suke sha, mai kaurin milimita 10 da gajeren gindi. Masu lamba 125 da yawa D8EA ne nasu, mai kaurin milimita 12.

Kuskuren kauri ba ya ɓoyuwa, domin bujin ba zai ma shiga ba. Kuskuren tsawo shi ne mugu. Dogon buji cikin gajeren rami yana iya taɓa kan fistan, ya ɓata inji gaba ɗaya. Gajere kuma cikin dogon rami, wutarsa na ɓuya can ciki, inji ya riƙa tari, baƙin toka ya cika haƙoran da suka rage.

Saura lambar tsakiya, wato 6 ɗin nan ta BPR6ES. A nan mutane suka fi ruɗewa. Lambar tana faɗin yadda buji ke zubar da zafinsa. Bakin buji yana son zafi matsakaici, wajen digiri 500 zuwa 800. In bai kai haka ba, ba ya iya ƙone dattin da ke taruwa bisa kansa, sai ya toshe. In ya wuce, sai ya zama kamar garwashi, ya kunna mai tun lokaci bai yi ba, har fistan ya huje. Ga bujin NGK, ƙaramar lamba kamar 5 tana riƙe zafi, ana ce masa buji mai zafi. Babbar lamba kamar 8 ko 9 tana saurin zubar da shi, ana ce masa buji mai sanyi.

Mukan ji ana cewa, tun da ƙasarmu ƙasar rana ce, sai a sa wa kowane inji buji mai sanyi. Wannan magana ba ta da tushe. A Kanada da arewacin Amurka akwai wani irin moto da ake hawa bisa ƙanƙara, lokacin da sanyi ke daskarar da tafki har mutum ya taka shi. Da yawa cikin waɗannan motoci BR9ES suke sha, buji mai sanyi ƙwarai. Dalili shi ne injinsu yana gudu da ƙarfi, cikinsa yana ɗaukar zafi mai tsanani, ko da waje ƙanƙara ce. Injin garkarmu kuwa, cikin zafin bazara, lamba 6 ta ishe shi. Ashe ke nan zafin cikin inji ake dubawa, ba zafin gari ba. Wanda ya ƙera injin ya riga ya auna wannan, ya rubuta.

A kula kuma, kamfanoni ba su ƙirga iri ɗaya ba. Ga NGK da Denso, lamba na hawa, buji na ƙara sanyi. Ga Bosch da Champion, akasin haka ne. Saboda haka 6 ta wannan ba 6 ta wancan ba ce. Abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya rubuta sunan bujin da injinsa ya zo da shi cikin littafinsa, ya tafi kasuwa da takardar da kuma tsohon bujin. Akwai na jabu da yawa masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. In rubutun ya yi dishi-dishi ko yana gogewa da yatsa, in kuɗin ya yi arahar da ta wuce hankali, gara a bar shi.

Tsohon buji ma yana da labarin da yake bayarwa, kada a yi saurin jefar da shi. Bakinsa in ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, inji lafiya lau yake. In ya yi baƙi ƙirin, busasshe, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. A lokacin hunturu, sau da yawa ƙura ce ta toshe matacin iska. Mun sha ganin manomi ya sayi buji uku cikin wata ɗaya, alhali wanke soson matacin kawai ake bukata. In bakin ya jiƙe da baƙin mai, cikin inji ne ya ci, sai mai gyara. In ya yi fari fat kamar ya ƙone, zafi ya yi yawa: a tsayar da aiki a bincika tun ɓarna ba ta yi nisa ba.

Tsakanin ɗan ƙarfen tsakiya da lanƙwasasshen da ke samansa akwai ƴar tazara inda wuta ke tsallakawa. Ga GX160, milimita 0,7 zuwa 0,8 ake so. Kaurin katin robar nan ke nan da ake ɓallo layin waya daga jikinsa. Tazarar tana buɗewa da tsufa. Takardar Honda ta ce a duba buji bayan awa 100 na aiki, a sake shi bayan awa 300 ko shekara ɗaya. Mai ban ruwa awa 4 kullum zai cika awa 300 cikin kwana 75, tun albasa ba ta isa cira ba. Don haka ya kamata a aje ɗaya sabo cikin kwalinsa, nan garka.

Wajen sawa, a bari inji ya huce. A share ƙasar da ke kewaye da ramin, kada ta faɗa ciki. A fara murɗa buji da hannu har ya zauna, sannan a sa ƙarfen ɗaurewa: rabin juyi ga sabo, abin da bai wuce rubu'in juyi ba ga wanda ya taɓa aiki. Kan inji na sanholo ne, ba ya jure ƙarfi. Haƙoransa in suka lalace, gyaransu ya fi kuɗin buji nesa ba kusa ba.

Masu gwada wutar buji bisa jikin inji su nisanta kwalbar mai, su goge wanda ya zube tukuna. Kuma kada kowa ya bi inji cikin rijiya don ya gyara shi yana aiki ko yanzu ya mutu. Hayaƙinsa na ɗauke da guba wadda ba ta da wari, tana taruwa cikin rami, tana sumar da mutum kafin ya iya kiran taimako. A jawo injin waje, a gyara shi cikin iska.